Tamal Ɗari Biyu a Ƙarƙashin Agogo

In kana neman wanda ya fi kowa sanin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Birnin Meziko, kada ka wahalar da ƙafarka, shi da kansa zai tare ka ya gaya maka. Don Epifanio Zamudio ke nan, wanda muke kira Don Pifas, mai goge takalma a bakin matakalar babbar tashar tsakiyar gari. Shekara ashirin da shida yana wurin da kujerarsa mai rumfa da akwatin burushi, gashin nan ya sha baƙin rini har yana ɗaukar ido. Da ya hango baƙo yana waige-waige, sai ya saki takalmin da ke hannunsa.

"Ina za ka, ɗan'uwa? Sauka, ka bi hagu, ka ƙirga tasha huɗu. In ka ga mai hoton agwagwa ka fita, ka canza layi. Ni nan da kake gani, ko an ɗaure mini ido zan zagaye garin nan ta ƙarƙashin ƙasa in dawo shayina bai huce ba."

Kuma a faɗi gaskiya, bai taɓa ɓatar da kowa ba, taswirar nan tana kansa kamar sunan 'ya'yan cikinsa. Abu ɗaya ne kawai: tun da uwarsa ta haife shi, Don Pifas bai taɓa taka mataki na uku a matakalar nan ba. Yana saurayi girgizar ƙasa ta rufe shi rabin yini a cikin wani shago, tun daga ranar ya ɗau alkawari ƙasa ba za ta ƙara hawa kansa ba sai ranar da ba shi da ta cewa. Duk abin da ya sani, daga bakin masu kawo takalma ya tsinta. Ba wanda ya gane sai Doña Chole mai sayar da jarida a gefensa, ita ma zargi take yi. Kullum sai ta tsokane shi.

"Sarkin rami, yau ma ba za a leƙa talakawa ba?"

"Wanda ya ƙoshi da abu ba ya rawar jiki a kansa, Chole. Sayar da jaridarki."

To, akwai wata bazawara, Doña Amparo, mai ɗinki, can ƙarshen layi take zaune. Shekara huɗu Don Pifas yana nemanta, kuma son gaske yake mata, irin wanda ke sa dattijo ya riƙa tsayawa gaban gilashin shagon mutane yana gyara kwala. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yayanta, Don Hilario direban tasi, wanda ya ce shi ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da duk dukiyarsa a baki take ba.

Ranar shida ga Janairu aka taru a gidan Amparo ana yanka burodi mai kama da zobe, irin na bikin da suke yi a ranar. Kowa ya san ƙa'ida: wanda ya ci karo da 'yar tsanar da aka ɓoye a ciki, shi zai ciyar da dangi tamal, wato alalen masara da ake turarawa cikin ɓawonta, ranar biyu ga Fabrairu. Don Pifas ya kai cizo, haƙori ya ce ƙwas. Sai ya tura 'yar tsanar gefen kunci ya yi shiru, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Hilario ya ƙura masa ido. "Me ya kumbura maka kunci?"

"Haƙoli," in ji Don Pifas.

"Tofo haƙorin mu gani."

Ya tofo. Gida ya kaure da shewa. Da ya ga asiri ya tonu, sai ya miƙe ya bugi ƙirji.

"Da ma ajiye ta na yi don kada wani ya ƙwace mini! Tamal nawa kuke so? Mutum arba'in ne ku? Ɗari biyu zan kawo, na kaza da koren barkono, kowa ya ci biyar ya kwance ɗamara!"

"To, sai in zo da tasi in ɗauko ka," in ji Hilario.

Nan fa aka taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. "Tasi? Ni? Kafin akwalar motarka ta gama tari na iso. Ta ƙarƙashin ƙasa zan kawo su, ƙarfe goma daidai, suna tururi. In ka buɗe tukunyar nan bai ƙona maka gashin baki ba, kada ka ƙara kirana Epifanio."

Hilario ya ajiye kofinsa. "Kowa ya ji. In sun iso ƙarfe goma da zafinsu, ka zauna mu yi maganar ƙanwata. In ba su iso ba, kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan."

"Na yarda!"

A ransa kuwa ya riga ya shirya: akwai wani mai a-kori-kura a kasuwa, zai ɗauke shi a ɓoye ya sauke shi bayan layin su Amparo, ya ƙaraso yana share gumi yana zagin cunkoso. Sai Amparo, baiwar Allah, ta rusa masa komai da kirki.

"Tukunyar za ta yi maka nauyi, Pifas. Zan zo in tarye ka. Takwas da rabi, ƙarƙashin agogo, ɓangaren da ke zuwa gida."

"A can ƙasa?"

"To da a ina? Ko ka manta inda agogon yake?"

"Ni? Ai da ni aka rataye shi!"

Baki shi ke yanka wuya. Kwana ashirin da bakwai Don Pifas yana goge baƙaƙen takalma da jan mai saboda tunani.

Ranar ta zo. Da hantsi ya turo 'yar kura mai taya biyu, an ɗaure mata wata ƙatuwar tukunya da ta kai masa ƙugu, tururi yana tsiyaya ta gefen murfi. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki, takalminsa kuwa kana iya aske gemu a cikinsa. Duk 'yan bakin tasha muka taru, don ya shafe wata guda yana shela. Ya tsaya a bakin matakala ya leƙa. Wata iska mai ɗumi ta buso daga ƙasa, mai warin ƙarfe da jikin mutane.

"Me kake jira?" in ji Chole. "Ko sai an shimfiɗa maka darduma?"

"Ina karanta iska ne. Gwani ba ya faɗawa haka kawai."

"Me iskar ta ce?"

"Ta ce ki yi shiru."

Ya yi alamar gicciye sau uku, ya karkata kurar, ya sa ƙafa. Ai kuwa tukunyar ce ta ja gaba. Gwaram! Gwaram! Gwaram! Tana sauka yana binta a guje yana ihun "Hanya! Hanya!", masu hawowa suna manne wa bango. Wani mai jaka ya yi tsalle ya rungume wata tsohuwa, ta sakar masa lema a ka. Suka dire ƙasa shi da tukunya, ba wanda ya faɗi, abin mamaki. Ya juyo ya ɗaga mana hannu.

"Haka ake saukowa in ana sauri!"

Chole ta rufe rumfarta ta ce yau ko jarida ɗaya ba za ta sayar ba, wannan kallo ya fi kasuwa. Muka bi ta.

A bakin ƙofofin juyi, inda ake biya a wuce, ya zaro walat, ya fito da wani tikitin takarda da ya koma ruwan ƙasa don tsufa. Wani mai takalmi ne ya bar masa shi shekara goma sha da suka wuce, tun lokacin yake nuna wa mutane a matsayin shaida. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya shafa gefe, bai ga ramin da ake turawa ba. Layi ya taru a bayansa.

"Malam, ka wuce mana!"

"Kati ake ɗorawa, kawu! Wane zamani kake?"

"Daga gidan tarihi ka sato wannan?"

Mai gadin ƙofa ya matso, wani mai tumbi da sanyin murya. "Baba, an daina takarda tuntuni. Amma kada ka damu, wanda ya kai sittin kyauta yake wucewa. Zo ta ƙofar gefe, ita ce ma za ta ɗauki kurarka."

Don Pifas ya ja baya kamar an watsa masa ruwan zafi. Da ma ya gaya wa Amparo shekararsa hamsin da biyu.

"Wa kake kira baba? Dubi gashin nan!"

"Na duba. Ga shi yana zubo maka ta bayan kunne."

Gumi ya narkar da rinin, baƙin layi biyu sun gangaro har kwala. Masu layi suka fashe da dariya, wasu suna zagi don sun makara. Don Pifas ya waiga hagu da dama, ya matsa kusa da kunnen mai gadi, ya zaro katin shaidarsa ya nuna a ɓoye cikin tafin hannu.

"Sittin da uku!" in ji mai gadi da ƙarfi, da zuciya ɗaya. "Allah ya ƙara lafiya, baba! A ba dattijo hanya!"

"Na ji, na rubuta," in ji Chole daga baya.

Ya tura kurarsa ya wuce. Mai gadin ya bi shi da kashedi: ban da talla a ciki. Da ma ƙamshin ya riga ya fara aiki, mutane sai shaƙa suke suna biyo shi.

"Nawa ne na kaza, kawu?"

"Ba na sayarwa ba ne!"

"To na mene ne?"

"Na aure ne! Ku ba ni wuri!"

Gaba kaɗan hanya ta rabu biyu, kowace da allonta. A taswirar da ke kansa gidan Amparo yana hannun dama, don haka bai ko ɗaga ido ya karanta ba, ya bi dama. Ya manta a kan matakala ya juya sau biyu. Wata matakalar ya sake sauka, yanzu ƙasa hawa biyu ce a kansa, yana jin nauyinta a tsakar ka. Ya hango agogo yana reto daga rufi, ya tura kura ƙarƙashinsa, ya tsaya ya dafe tukunya. Takwas da rabi saura minti biyu. Ya yi ajiyar zuciya ya ce wa wani ɗan makaranta da bai tambaye shi ba, "Ka gani? Ko agogon ma jirana yake."

Ya jira. Jirgi ya zo da ruri kamar za a tashi duniya, ya runtse ido har ya wuce. Na biyu ya zo ya wuce. Yana buɗe ido sai ya ji ana kiransa.

"Pifas! Pifas!"

Ga Amparo can tsallaken ramin dogo, da jan mayafinta, a ƙarƙashin wani agogon. Ashe biyu ne, kowane ɓangare da nasa. Shekara ashirin da shida yana ce wa masoya "ku haɗu ƙarƙashin agogo", ba wanda ya taɓa gaya masa tagwaye ne.

"Me kake yi a can?" ta ɗaga murya. "Wannan ɓangaren ai ba na zuwa gida ba ne!"

"Na sani! Dubawa na zo yi ko sun gyara wannan ɗin! Tsaya nan, ga ni nan—"

Jirgi ya shigo tsakaninsu ya haɗiye sauran maganar. Ita ma a daidai lokacin tana cewa ya tsaya tana zuwa. Ya ɗaga kura ya fara hawa da baya, mataki ɗaya, nishi ɗaya. Ya tsallaka, ya sauko ɗaya ɓangaren da gwaram-gwaram ɗinsa, ya iso ƙarƙashin agogo yana haki. Ba Amparo. Ya ɗaga ido, ga ta can inda ya baro, ta riƙe ƙugu.

"Ba na ce ka tsaya ba?"

"Ni ne na ce ki tsaya!"

Yanzu kam ɓangarorin biyu sun samu abin kallo. Wani mai hular gini ya ce, "Kawu, ka jefa mata tukunyar mana!" Wata daga can ta ce, "'Yar'uwa, rabu da shi, ga maza nan birjik a wannan gefen!" Chole, wadda ta samu benci ta zauna ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta ce, "Sarkin rami yana rangadin ƙasarsa ne, ku yi masa uzuri."

"Kada ka motsa!" in ji Amparo. "Ko yatsa kada ka ɗaga! Kana kan daidai yanzu!"

"Da ma na san nan ne!"

Tara saura minti biyar. Amparo ta zagayo, amma matakalar da ta biyo ta sauke ta can gaba, a sashen mata, bayan shinge mai ruwan lemo da ake tare maza da shi. Ta yafito shi da hannu don ya matso su yi magana ta saman shinge. Shi kuwa gogan naka sai ya ga wuri fayau babu turereniya, ya ce lallai nan ne wurin manya. Ya tura kura ya kutsa. Usur ya tsaga masa kunne. Wata 'yar sanda gajeriya, mai faɗin kafaɗa, ta sha gabansa.

"Ina zuwa, maigida?"

"Wurin matata. Wato wadda za ta zama."

"In ta zama, ka gan ta a gida. Nan mata ne da yara."

"'Yata, kin san da wa kike magana? Tun ba a haife ki ba nake tashar nan."

"To ai ka fi ni sanin doka ke nan. Koma baya."

"Tukunyar fa? Ita ai mace ce."

"Ita ta wuce, kai ka tsaya."

Matan suka sa dariya, har da masu tafi. Amparo ta rufe fuska da mayafi don kunya. Don Pifas ya ja kurarsa da baya yana gunaguni, ya je ya tsaya a bakin layin rawaya, daidai inda ya ga mutane sun bar ɗan fili. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin nan sau ɗaya ya san dalilin filin: nan ƙofa take buɗewa.

Jirgi ya tsaya. Ƙofa ta buɗe a kan hancinsa. Masu fita suka yi waje da shi taku biyar, masu shiga suka dawo da shi taku goma. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Kafin ya ce wani abu ya tsinci kansa a tsakiyar tarago, kuncinsa manne da murfin tukunya mai zafi, gwiwar hannun wani a haƙarƙarinsa, takalminsa ɗaya ya tafi yawon duniya.

"Ku tsaya! Ba da ni za a tafi ba! Amparo!"

"Kowa da Amparonsa, kawu, matsa ciki!"

"Wa ya shigo da kicin cikin jirgi?"

"Wayyo ƙafata! Tayar wa ce wannan?"

Ƙararrawa ta yi ƙara, ƙofa ta rufe. Jirgi ya motsa. Ta gilashi Don Pifas ya ga Amparo a tsaye a waje tana ɗaga hannu, ya ga hasken tasha yana ja baya, ya ga baƙin bakin rami yana tahowa zai haɗiye shi. Ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, irin rawar da ya sani. Ai sai ido ya rufe.

"Girgiza! Girgizar ƙasa! Mun mutu!"

Hannunsa ya kai ga jan mariƙin nan na tsayar da jirgi, da aka rubuta kada a taɓa sai da dalili. Sau dubu ya gaya wa baƙi tarihin mariƙin. Ya rataya a jikinsa da duk nauyinsa.

Ƙiiiii! Jirgi ya ci birki, mutum ɗari suka zube a kan mutum ɗari. Rabin jirgi a rami, rabi a tasha. A garin nan kuwa ba a wasa da kalmar da ya furta, nan da nan wasu suka fara addu'a, wasu suka kira sunan uwayensu, wata ta yafe wa mijinta ta waya. Sai da aka yi shiru aka ga fitilu ba sa lilo, agogo yana nan a tsaye abinsa. Ƙasa lafiyarta lau.

Aka buɗe ƙofofi, aka fito da kowa. Lasifika ta sanar cewa layin gaba ɗaya ya tsaya sai an duba. Mutum wajen ɗari uku da suka makara aiki suka juyo a tare suna neman mai laifi, kuma ba shi da wuyar ganewa: ga shi zaune dirshan a ƙasa, takalmi ɗaya, fuska duk baƙin rini, ya rungume tukunya.

"Shi ne! Mai kicin ɗin nan!"

"Yau shugabana zai kore ni saboda kai, tsohon banza!"

"Ku bar ni da shi minti ɗaya kawai!"

'Yar sandan ta ratso tana busa usur, ta tsaya a kansa. "Kai ne ɗazu ka ce tun ba a haife ni ba kake tashar nan. Ba ka san motsin jirgi ba?"

Don Pifas ya buɗe baki. Muka zuba kunne mu ji wace ƙaryar zai ƙera, don bai taɓa rasawa ba. Sai ya hango Amparo ta kutso ta tsaya a gaba, tana kallonsa.

"A sama nake," ya ce a hankali.

"Me ka ce?"

"A sama nake! A bakin matakala! Ban taɓa saukowa ba sai yau! Tsoro nake ji, ranki ya daɗe, tsoron ramin nan nake ji kamar raina zai fita!"

"Na faɗa!" Chole ta yi tsalle a kan benci. "Shekara nawa ina faɗa! Sarkin rami bai san rami ba!"

Dariya ta ɓarke, amma ba ta kashe wutar ba, don mai hular ginin nan ya riga ya naɗe hannun riga, wasu ƙarti biyu suna bayansa. 'Yar sanda ɗaya ba za ta iya da su ba. Amparo ta dubi agogo, tara da kwata. Ta dubi ƙartin. Sai ta sunkuya ta kwance igiya, ta ɗaga murfin tukunya. Tururi ya tashi, ƙamshin masara da kaza da koren barkono ya cika tashar har rufi. Yawancin mutanen nan ko ruwan zafi ba su sha ba suka fito.

"Yau biyu ga wata, ranar tamal ce," ta ce da ƙarfi. "Wa bai ci tamal ɗinsa ba tukuna?"

Mai hular gini ya tsaya da dunƙulallen hannu a sama. Ya haɗiyi yawu. "Akwai mai yaji?"

"Amparo, a'a!" Don Pifas ya kama gefen tukunya. "Na yayanki ne! Aurena ne a ciki!"

"Sakar mini, in kana son haƙoranka su kai gobe."

Haka yana ji yana gani aka yi layi, layin da ya fi na shiga jirgi tsari. Tana miƙawa ana karɓa, ana ɓare ɓawon masara ana hura yatsu. 'Yar sanda ta karɓi biyu ta ce ɗaya na mai gadi ne, ta kuma ce tun da dattijo ne kuma tsoro ne ya sa shi, ta bar shi da gargaɗi. Chole ta ci uku. Wani ma ya dawo masa da takalminsa, an taka shi ya zama kamar fanke. Cikin minti goma sha biyar tukunya ta koma fayau, sai ruwa a gindi. Don Pifas ya leƙa ciki, hawaye suka zubo masa, na gaske. Shekara huɗu yana lallaɓa abu, ya zubar da shi da bakinsa.

Amparo ta goge hannu da mayafi, ta tsuguna a gabansa.

"Pifas, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma in ka yi mini ƙarya mun rabu. In ba ka shiga jirgi, ta ina kake zuwa gidana duk Lahadi?"

Ya sunkuyar da kai. "Bas."

"Babu bas da ke zuwa kai tsaye."

"Uku nake shiga. Sannan in taka daga gadar sama."

"Awa nawa?"

"Biyu da rabi. In an yi ruwa, uku."

"Zuwa kawai?"

"Zuwa kawai."

Ta lissafa a ranta. Tafiyar da jirgi ke yi a minti arba'in. Duk Lahadi, shekara huɗu, kuma kullum ya iso sai ya ce yanzun nan ya fito daga gida.

"Kai dai wawa ne," ta ce. "Duk ƙaryar da ka tara a duniya, abu ɗaya da ya kamata ka yi alfahari da shi, shi ka ɓoye."

Wayarta ta yi ƙara. Hilario ne, muryarsa har inda muke tana isowa. "Ina suke? Ga mutane sun zauna da faranti! Suna da zafi ko sun huce?"

"Da zafinsu aka cinye, Yaya."

"Aka me? Wa ya cinye?"

"Jama'ar gari. Ka ɗauki tasi ka je kasuwa ka nemo wasu."

"Na gaya miki! Na gaya miki mutumin nan iska ce a cikin kwat! Sharaɗi sharaɗi ne, kada ya sake ya tako mini—"

"Kai ka yi sharaɗi, kai za ka aure shi? Gidan nawa ne, Yaya. Ka ƙara kujera ɗaya."

Ta kashe wayar. Lasifika ta ce layi ya dawo. Jirgi ya ja baya ya daidaita, ƙofofi suka buɗe. 'Yar sanda ta ɗaga wa Amparo shinge don ta wuce sashen mata, inda ake samun wurin numfashi. Amparo ta girgiza kai. Ta ɗora tukunyar wofi a kan kura, ta miƙa wa Don Pifas hannu.

Ya dubi jirgin, ya dubi matakalar da ke hawa zuwa hasken rana. Ba nisa, taku ashirin ne.

"Amparo, ba za mu bi bas ba? Na san direbobin duka."

"Tashi."

Ya tashi. Mai hular gini, da maiƙo a baki, ya buɗe hannuwa ya tare jama'a. "Ku matsa wa ango!" Suka shiga cikin matsin maza su biyu da tukunya, ya damƙe hannunta da hannu biyu har yatsunta suka yi fari, ya runtse ido gam.

"Mun shiga ramin?" ya tambaya.

"Ko ƙofa ba a rufe ba, Pifas."

"To ki riƙe ni da kyau," ya ce, "don kada ki ji tsoro."